Gaisuwar Babbar Sallah daga Hamburg

Hamburg, ƙasar Jamus
Juma'a, 6 ga Yuni, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Umma, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya dawo da alhazanmu gida lafiya. Yaya ya shaida mini saƙon ya iso, har an samo rago a Zangon Tudun Wada. Alhamdu lillahi.

Umma, duk wayar da za mu yi sai kin tambaye ni inda nake kwana da abin da nake ci. Waya ba ta isa in ba ki amsa yadda ya kamata, shi ya sa na zauna na rubuto.

Tun shigowar bazararsu muke kan hanya, domin yanzu ne lokacin bukukuwan kiɗa a Turai. Motarmu ƙaramar bas ce, kaya a baya, mu a gaba. Akwai mai garaya irin ta Mali, da ɗan Agadas mai jita, da ɗan Senegal mai waƙa, sai direbanmu Bafaranshe wanda shi ne kuma mai kula da na'urar sauti. Ni kuwa ina nan da kalangun da Kawu ya bar mini. Mu gama wasa tsakar dare, mu kwashe kaya, gari na wayewa mu kama hanya. Tsakanin Faransa da Beljiyam ba wanda ya tsayar da mu, amma Jamus ta dawo da duba takardu a iyakokinta tun watan Satumban 2024, don haka takarduna kullum suna aljihun gaba. Baba, mun bi ta Bonn, garin da Sashen Hausa na DW yake. Sai da na tuna ku a kan tabarma da rediyo bayan sallar Magariba.

Idan aka cire kuɗin mai da na hanya, abin da ya rage ba ya ɗaukar otal kullum. Saboda haka yawancin kwananmu a gidajen mutane ne, mutanen da ba su taɓa ganinmu ba sai a ranar.

Akwai wani dare da ba zan manta ba. Muna wani ƙauye a kudancin Beljiyam ana tsuga ruwa, mota ta mutu. Gida ɗaya ne da fitila a kusa. Direbanmu ya je ya ƙwanƙwasa, wani dattijo manomi ya fito da tocila, ya haska injin, ya girgiza kai, ya ce sai da safe. Bai nemi sanin ko mu su wane ne ba, ya ce mu shigo. Matarsa, tsohuwa ce sa'ar Goggo, ta tashi daga barci ta shiga kicin. Kafin ta ɗora komai a wuta sai da ta sa aka tambaye mu abin da ba ma ci. Da ta ji, ta mayar da naman da ta ciro, ta ɗauko wata tukunya daban ta wanke a gabanmu, ta soya ƙwai da dankalin turawa, ta kawo burodi da cuku da shayi mai zafi. Da na nemi inda zan yi sallah, ta shimfiɗa mini sabon tawul a ɗakin ɗanta, ta ja ƙofa a hankali.

Kalangun ya sha danshi, fatar ta saki, muryarsa ta dushe. Dattijon nan ya lura ina ta shafa shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a kan kujera nesa kaɗan da abin ɗumama ɗaki, yana juya shi lokaci-lokaci. Ashe ya san fata, ya yi kiwo duk rayuwarsa. Da safe na matse tsarkiya na kaɗa masa, na sa aka gaya masa cewa a garinmu wannan gangar mahauta ce, kuma tana kiran sunan mutum. Na kira masa nasa. Ya zauna shiru yana saurare, ya ce in sake. Shi ya jawo motar da tarakta zuwa wurin bakanike. Mun yi mun yi ya karɓi wani abu, ya ƙi. Ba addininmu ɗaya ba, ba ma jin harshen juna, amma wallahi Umma, abin da za ki yi wa baƙo shi matar nan ta yi mana.

Yau kuma ga yadda Sallah ta same ni. A nan ba ranar hutu ba ce, shaguna a buɗe, yara sun tafi makaranta. Mun yi Idi a wani masallacin Turkawa, ya cika har bakin matakala. Ba a yanka a ƙofar gida, doka ta ce sai a mayanka, shi ya sa da yawa suke aika kuɗin layya ƙasashensu. Bayan an sallame ina neman takalmina, wani saurayi ya ga hulata ya tambaye ni daga ina. Ya ce kakansa na cikin ma'aikatan da suka zo daga Turkiyya bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Jamus da Turkiyya suka ƙulla a 1961, kuma a gidansu ba a barin baƙo ya yi Sallah shi kaɗai. Ya tafi da ni da ɗan Agadas. Muka tarar da gida cike da dangi, yara suna sumbatar hannun manya, ana ba su kuɗin barka da Sallah. Aka zaunar da mu kusa da kakan, shi da kansa yake tura mana nama. Na ci na ƙoshi. Duk da haka zuciyata tana tsakar gidanmu, wurin ƙamshin suyar kayan ciki da hayaniyar yara.

Baba, na san ba da son ranku na kama wannan sana'a ba, kuma na gode da kuka sa mini albarka duk da haka. Ina riƙe da sallata, ko da yake a nan rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura, asuba kuma ta yi tun kafin mutum ya yi nisa a barci. Ga wata alfarma da nake nema. Cinyar da Umma take ware mini duk shekara, a kai wa yaran nan 'yan ci-rani masu gadi a bakin layinmu. A kira su cikin gida su ci tuwo a zaune, kada a miƙa musu a ƙofa.

Gobe za mu nufi Faransa, domin ranar 21 ga wata suke bikin kiɗa na ƙasa da suka fara tun 1982, kuma muna da wasanni kafin nan. Zan kira jibi bayan La'asar ɗinku, agogonmu yana gaba da naku da awa ɗaya. A gaishe da Goggo da Yaya da iyalinsa. Auta kuma ta karɓi goron Sallarta a wurin Yaya, na saka a cikin saƙon. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku