Sanarwa: tafiyarmu Galmi gaida su Mushe

Salamu alaikum ƴan uwa na gurup, ina fatan kowa ya tashi lahiya da iyali.

Maganar zuwa gaida malumanmu na lakkol guda biyu da suka aje aiki suka koma gida wajen Galmi, to an tsaida rana, Asabar mai zuwa in Allah ya so. Mu haɗu bakin tasha nan Tawa ƙarfe 6 na safe, mota biyu, ta Badagishiri da Tsarnawa da Malbaza za mu bi, kuma a yi haƙuri ba za mu jira kowa ba saboda zafi.

Kowa jikka 5, kuɗin mai da tsaraba, shinkafa, sukari, shayi da goro. A tura wa ma'aji kafin Alhamis, wanda ba shi samun zuwa shi ma ya sa hannu don Allah.

Jiya na kira babban Mushe, yana cikin garkar albasa yana ban ruwa, da ya ji za mu zo wallahi sai da muryarsa ta yi rawa, yana ta tambayar mu suna ɗai ɗai. Ƙafa na damunsa, likitanmu ka taho da abin awon jini.

Mai zuwa ya rubuta sunansa nan ƙasa. Allah ya kai mu lahiya, ya bar zumunci.