Siminti ba ya gyara tsohon gini

Ya Edita,

A ba ni fili in yi tsokaci kan manyan gidajen karkara na Ingila da aka gina tsakanin 1714 da 1830, zamanin sarakuna huɗu masu suna Joj, irin su Holkham Hall da aka fara ginawa a Norfolk a 1734. Mai kallon hoto jerin tagogi da ginshiƙai yake yabawa, amma mai gyara rufi yake fara dubawa, don ruwa ne ke cinye gidajen nan.

Maginan wancan zamani ba sa son a hango rufi daga ƙasa, sai suka ɗaga rawani, wato gajeren bango a saman ginin, ya ɓoye shi, suka shimfiɗa magudanar dalma a bayansa. In ganye ya toshe ta, ruwa ba shi da mafita sai cikin bango, daidai inda kawunan katakon rufi suke zaune. Ita ma dalmar tana miƙewa da zafi, ta takure da sanyi. Falle ɗaya mai tsawo tsagewa yake yi, shi ya sa ake shimfiɗa ta gajeru-gajeru, hawa-hawa. Da danshin katako ya haura kashi 20 cikin ɗari, wata irin fumfuna za ta kama shi, ta bi ta cikin bulo ta kai ga wani katakon a ɓoye. Kafin a ankara bene ya fara lotsawa.

Sai ɓarnar masu gyara. Da farar ƙasa da yashi aka ɗaura bulon, wajen kashi ɗaya ga uku, kwaɓi mai taushi da ke barin danshi ya fita. Simintin zamani, wanda sai a 1824 aka yi rajistar ƙirƙirarsa, ya fi bulon ƙarfi kuma yana tsare ruwa. In an cike tsakanin bulo da shi, ruwan ya koma cikin bulon, ya daskare da hunturu, fuskar ta ɓantare. Dole a ƙwaƙule simintin da hannu, ba da inji ba, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin da ke tsakanin bulo, a jiƙa wurin, a cusa sabon kwaɓin farar ƙasa da yashi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ya bushe a hankali.

Duk wanda ya ga yaɓen siminti ya ɓamɓaro daga bangon ƙasa a Kano ko Zariya, ƙasar bayansa ta rube, ya san wannan cuta. Masu kula da tsofaffin gine-ginenmu su koma ga makuba da laso, su kuma sa a yashe indararo kafin damina.

Naku,
Mai aikin gyaran tsofaffin gine-gine