Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta akawunan lauyoyi a Yamai, shekarar 2024

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Zan fara da kuɗin wata, tunda shi ya fi cin raina. Jaka ɗaya, wato sefa 1,000, muka yanka wa kanmu, a gaban kowa, babu wanda ya ɗaga hannu ya ce ta yi masa yawa. Amma har shekara ta ƙare, waɗanda suka biya wata 12 cur ba su kai rabinmu ba. Ni da ma'aji mun bi mutane har harabar babbar kotun Yamai, mun tare wasu a bakin kotun kasuwanci, amsar ɗaya ce: “sai Metir ya biya,” wato lauyan da mutum yake wa aiki. Na yarda akwai ofisoshin da albashi ke kaiwa goma ga wata bai fito ba, nawa ma ya taɓa yi. Sai dai wanda bai biya tun Janairu ba, kada ya ɗora wa Metir.

Wannan ne ya sa asusun taimako bai tashi ba. Da aka kwantar da ɗaya daga cikinmu a asibiti bayan ya faɗi a babur yana kai takardu unguwar Harobanda, tsallaken kogi, karo-karo muka yi ta WhatsApp, abin da aka samu ko kuɗin magani bai cika ba. Masu cewa shugabanni sun yi sakaci su zo su ga littafin ma'aji, a buɗe yake.

Taron wata an yi shi, ban da lokacin azumi da hutun kotu.

Abin da ya faranta mana rai bana shi ne zaman bita kan dokar aiki da muka yi bayan Babbar Salla. Wani tsohon sufetan ƙwadago ya ba mu yini guda, ko kuɗin mai bai karɓa ba, Allah Ya saka masa. Mu da muke kwana muna tashi cikin dosiye, muna lissafa wa'adin ɗaukaka ƙarar wasu ba kuskure, sai ga shi yawancinmu ba mu taɓa buɗe dokar aiki ta 2012 don kanmu ba. Ya tuna mana awa 40 ne aikin mako, abin da ya haura kuma awowin ƙari ne da ake biya dabam. Ɗaki ya ɗauki dariya, don akwai wanda ake tsare shi har bayan isha'i yana buga takardun da za a shigar da safe, ladansa “sannu da ƙoƙari”. Ya ce hutun shekara kwana biyu da rabi ne kan kowane watan aiki, kuma mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun Janairun 2024.

Inda aka yi tsit shi ne da ya tambayi wa ke da lambar CNSS, wato asusun ƙasa na fansho da inshorar ma'aikata. Hannuwa kaɗan suka tashi. Wani dattijonmu da ya fara aiki tun zamanin tafireta ya ce shi bai taɓa ganin takardar albashi ba, a ambulan ake miƙa masa kuɗi. Malamin ya yi bayani dalla-dalla: kashi 5.25 cikin ɗari ake cirewa daga albashin ma'aikaci, mai ofis ya ƙara nasa kason da ya fi wannan yawa, kuma daga nan kuɗin yara, kulawar hatsarin aiki da fansho suke fitowa. Da ɗan uwanmu na Harobanda yana da lamba, da faɗuwarsa hatsarin aiki ce, ba sai mun yi bara ba. Mata sun yi tambayoyi kan hutun haihuwa har la'asar ta kusa wuce mu. Bayan zaman, wasu sun tunkari iyayen gidansu cikin ladabi, kuma an yi musu rajista ba tare da rigima ba. Lauyoyin da suka yi haka muna gode musu.

Wasiƙar da muka ce za mu kai wa shugaban lauyoyi kan tsarin albashi da kuɗin zirga-zirga ba ta tafi ba, kuma ga dalili. Ba a zuwa gaban lauya da “an ce”. Mun roƙi kowa ya rubuta albashinsa da abin da yake kashewa tsakanin ofis, kotu da wurin fotokofi, ba suna, ba sunan ofis. Takardun da suka dawo ba su isa a gina magana a kai ba. Wasu tsoron kora ne, na fahimta. Wasu kuwa su ne suka fi kowa ƙorafi a rumfar mai shayi, cewa ko da litar mai ta sauko zuwa sefa 499 daga aljihunsu suke zubawa, amma rubuta layi uku ya gagara.

Za a sake raba takardar a taron Janairu, a cike ta a wurin kafin a tashi. A ranar ne kuma zaɓen sabbin shugabanni, kuma wanda ake bi bashin fiye da wata uku ba ya jefa ƙuri'a, kamar yadda dokarmu ta ce. Ni dai na gaya wa shugaba a nemi wani sakataren.

Sakataren ƙungiya