Wannan ’yar tsana ba ta yara ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Wani mai karatu ya rubuto cewa ƙawata ’yan tsanan roba aikin marasa aikin yi ne. Ya yi haƙuri, bai taɓa riƙe guda a hannu ba.

Ƙanena da ke Amurka ya aiko mini da Munny guda biyu, ’yar tsanar da kamfanin Kidrobot ya fitar a 2005. Fara fat take, ƙaton kai, ba ido ba baki, an bar wa mai zane ya yi mata fuska. Wani gidan baje zane a can ya nemi kowa ya ƙawata tasa.

Ta farko na fesa mata fentin mota don gaggawa. Wata guda ke nan tana danƙo kamar alewar ɗinya, ƙura duk ta manne. Ashe robar ba ta shiri da irin wannan fenti.

Ta biyun na tsoma a ruwan zafi ta yi laushi, na cire kan, na wanke da sabulu, na bi da fentin akirilik shafi uku. Dagi kawai da na zana a ƙeyarta ya ci mini kwana tara. Uwargida har yanzu dariya take yi mini.

Naka,
Mai zane daga Zariya