Kada a bar yaro a tsakiyar hanya don zangon karatu ya ƙare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan tsarin da jami'o'i ke tura ɗalibai su yi aiki da matasan da rayuwa ta juya wa baya, irin waɗanda suka bar makaranta ko suka fara shaye-shaye, sannan a ba ɗaliban maki. Ina goyon bayan tsarin, don ni ma ta nan na biyo. Sai dai akwai abin da ya daɗe yana damuna.

Ina aji uku aka haɗa ni da wani yaro ɗan shekara 14 a wata cibiyar matasa. Mako uku ina kai masa littafi, kullum da uzurinsa: yau idonsa na ciwo, gobe kansa. A mako na huɗu na miƙa masa takarda a juye ba da gangan ba, ya riƙe ta haka, yana bin layi da yatsa yana gyaɗa kai. Nan jikina ya yi sanyi. Ashe bai iya karatu ba, kuma ya gwammace a ce masa mai taurin kai da a ce masa daƙiƙi. Na ci jarrabawa a kan halayyar yara, amma babu laccar da ta nuna mini yadda kunya ke rikiɗa ta zama tsiwa sai wannan rana.

Muka koma kan haruffan sunansa, ɗaya bayan ɗaya. A mako na goma sha ɗaya ya karanta rubutun da ke jikin ƙofar cibiyar da kansa, ya juyo yana dubana ko na ji. Sai zango ya ƙare. Na miƙa rahoto, na samu makina. Ranar ƙarshe ya tambaye ni, "Yaya, Talata mai zuwa ƙarfe nawa?" Na ce masa ina nan tafe. Jarrabawa ta sha kaina, hutu ya biyo baya, da na koma bayan wata biyu aka ce ya daina zuwa.

Daga baya na fahimci ba ni kaɗai na yi wannan kuskure ba. A 2002 Jean Grossman da Jean Rhodes sun wallafa bincike a kan matasa fiye da 1,000 da suka nemi shiga shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka, wanda ke haɗa yaro da wani babba mai jagorantarsa. Waɗanda alaƙarsu da mai jagorantarsu ta kai shekara ko fiye su suka fi amfana. Waɗanda kuwa aka rabu da su kafin wata uku, sai da darajar da suke ba kansu ta ragu. Zangon karatu ɗaya bai wuce wannan da yawa ba. Yaron da manya suka sha yi wa alkawari suna saɓawa, mu kuma mu zo mu ƙara masa wani, da wane ido zai kalli na gaba?

A Meziko, ɗalibin jami'a ba ya karɓar shaidar digiri sai ya yi hidimar al'umma ta awa 480, kuma ba a yarda ya gama ta ƙasa da wata shida ba. Ko wannan ya fi tsarin shan-ruwan-tsuntsaye da ake yi a wurare da dama.

Roƙona ga shugabannin jami'o'i shi ne duk ɗalibin da za a haɗa da yaro ɗaya, ya ɗauki alkawarin shekara cikakkiya, har da lokacin hutu. Wanda ba zai iya ba, a ba shi aiki da rukuni, wannan ba laifi ba ne. A kuma faɗa wa yaro ranar rabuwa tun daga farko, a gabatar masa da wanda zai karɓa tun kafin na farkon ya tafi. Yanzu ni ke duba ɗalibai a irin wannan aiki, kuma ba na sa hannu a rahoton kowa sai na ga sunan wanda zai karɓi yaron daga hannunsa.

Naka,
Wani malamin jami'a