A rubuta lambar launin tambari, a kuma duba ko rubutun yana karantuwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan kasuwa, makarantu, ƙungiyoyi da ofisoshin gwamnati a jihar Kebbi kan wani abu da ake rainawa alhali yana cin kuɗi, wato launin tambarinsu. Mu masu sana'ar zane da ɗab'i ne a Birnin Kebbi.

A ɗauki mai casar shinkafa a Argungu ko Jega. Buhunsa kore ne mai duhu, allon ƙofar masana'anta kore mai haske, kalandar da ya raba ta koma kamar ɗanyen ganye, shafinsa na Facebook kuma wani koren ne daban. Mai saye a kasuwa, musamman wanda bai yi boko ba, da launi yake gane kaya tun daga nesa. Idan launin bai tsaya wuri ɗaya ba, an sauƙaƙa wa mai kwaikwayon buhu aikinsa ke nan.

Tushen matsalar shi ne da baki ake ba da launi. "A sa mini kore" ba umarni ba ne, domin kore ya yi yawa. Mata sun fi mu gane wannan: mai neman atamfar anko ƙyalle take kai wa mai shago, ba kwatance ba. Ƙyallen mai zane lamba ce. Allon waya da na kwamfuta da haske suke haɗa launi, ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255, shi ake kira RGB, a taƙaice kuma a rubuta shi da alamomi shida da ake kira HEX. Injin ɗab'i da tawada huɗu yake aiki: ruwan bula, ja mai hoda, rawaya da baƙi, wato CMYK, kowacce daga kashi 0 zuwa 100. Haske yana iya fitar da launin da tawada ba ta iyawa, shi ya sa abin da ya yi ƙyalli a waya yake dushewa a takarda. Shuɗi ya fi kowanne ba da wahala. Idan aka zana shi a RGB aka bar inji ya juya shi da kansa, sau da yawa sai ya karkata zuwa shunayya, saboda jan ya yi yawa. Dabarar masu ɗab'i ita ce a bar M, wato ja mai hoda, ƙasa da C, wato ruwan bula, da kamar maki 30, misali C100 M70 Y0 K0.

Maganin bai wuce takarda ɗaya ba. A zaɓi babban launi ɗaya, mataimaki ɗaya, da na uku na jan ido wanda ba a yawaita shi, sai baƙi ko mai duhu na rubutu, da fari ko mai haske na shimfiɗa, wato wanda ake ɗora rubutu a kai. A ƙarƙashin kowanne a rubuta HEX da RGB da CMYK. A adana su a jerin launuka na manhajar zane, CorelDraw ko Canva, kada kowane yaron shago ya riƙa tsinto launi daga tsohon hoto. Sannan a buga gwaji a kan ainihin abin da za a yi aiki da shi, domin takarda mai sheƙi, takardar rasit, fleks da buhu kowanne da irin shan tawadarsa. Wanda mai kaya ya amince da shi a sa masa hannu, a ajiye a ambulan inda rana ba ta kaiwa. Buhu yana da nasa hali: kowane launi da farantinsa na ɗab'i, tawadar ma haɗa ta ake yi, don haka samfurin ake kaiwa, kuma launi biyu ko uku sun isa. Mai fentin allo ma a rubuta masa sunan kamfanin fenti da lambar da ke jikin gwangwani, in ba haka ba zai haɗa da ido.

Kada a tura zane ta WhatsApp a matsayin hoto, balle hoton allon waya, domin matse shi ake yi, gefen haruffa ya yi dishi-dishi. A tura shi a matsayin fayil, PDF ko CDR, bayan an mayar da haruffa zane, don kada ƙ da ɗ da ɓ su ɓace a kwamfutar maɗaba'a. Ƙananan haruffa baƙaƙe a sa su K100 kawai, wato baƙar tawada ita kaɗai. Idan aka haɗa su da tawada huɗu, faranti ɗaya ya ɗan goce, sai rubutun ya fito da inuwa.

Sai babbar magana, wadda ita ta fi damun mu: launi ya tsaya, amma rubutun ba ya karantuwa. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da ma'auni a 2008, kuma har a sabon bugun 2023 bai sauya ba. Ana auna tazarar haske tsakanin rubutu da shimfiɗarsa, daga 1:1, wato babu bambanci, zuwa 21:1, wato baƙi a kan fari. Ƙaramin rubutu yana buƙatar aƙalla 4.5:1. Babba, mai girman 18 a ma'aunin haruffan kwamfuta ko mai kauri na 14, yana buƙatar 3:1. Don allon waya da na kwamfuta aka yi ma'aunin, amma ido ɗaya ne yake karanta allo da fosta.

Ga abin da lissafin yake nunawa a launukan da aka fi so a nan. Koren da masu zane suka saba sa wa tutar Najeriya, #008751, da farin rubutu yana ba da kusan 4.6:1, ya tsallake da ƙyar, don haka kada a ƙara masa haske. Ruwan gwal, #FFD700, a kan fari 1.4:1 ne kacal, shi ya sa ake karkata katin biki ana neman kwanan wata. Rawaya tsantsa a kan fari bai kai 1.1:1 ba, amma a kan baƙi ya haura 19:1. Ja tsantsa a kan fari 4:1 ne, ya yi wa kanu, bai yi wa ƙananan bayanai ba. Mafi muni shi ne ja a kan wancan koren: bai kai 1.2:1 ba, ga shi kuma shi ne haɗin da masu fosta suka fi ƙauna.

Wannan haɗin yana da illa ta biyu. Akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore sosai, gado ne, kuma maza ya fi kamawa. A Turai ana ƙiyasta namiji ɗaya cikin 12. A Afirka bai kai haka ba, amma suna nan a kowace kasuwa, da yawansu ma ba su sani ba. A haɗa da dattawa masu yanar ido da mai duba tsohuwar waya a tsakar rana. Saboda haka kada launi shi kaɗai ya ɗauki saƙo. Makarantar da ta sa ja ga wanda bai biya ba, kore ga wanda ya biya, ta rubuta kalmar a gefe. Sanarwar asibiti ma haka, a ƙara alama ko rubutu.

Wanda launinsa rawaya ne ko ruwan goro ba sai ya sauya tambari ba. Ya mayar da shi shimfiɗa ya ɗora baƙin rubutu, ko ya ware wani mai duhu daga danginsa don rubutu kawai, ya shigar da lambarsa cikin takardar.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Shafin WebAIM yana da ma'auni kyauta: a sa lambobin HEX biyu, ya ba da amsa nan take. Wanda ba shi da data ya yi wa zanen fotokwafi baƙi da fari. Abin da ya ɓace a nan ya ɓace wa wani a titi. Allon bakin hanya kuma a fita da gwajinsa rana, a tsallaka titi a karanta. Ƙiyasin masu allo shi ne inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisa. A kuma bar rara, domin ranar Kebbi tana cin ja da rawaya a jikin fleks, ƙurar hunturu kuma tana mayar da fari ruwan ƙasa, tazarar da ta tsallake da ƙyar ranar da aka kafa allo ba za ta kai baɗi ba.

Muna kira ga ma'aikatu da ƙananan hukumomi, daga Yauri har Zuru, su riƙa haɗa wannan takarda ta launi da duk kwangilar ɗab'i, kuma kada a biya sai an ga gwajin da aka sa wa hannu.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu zane da ɗab'i,
Birnin Kebbi, jihar Kebbi.