Don Allah a dakata da rushe zauren gidanmu na Kura

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da iyali. A gaishe mini da Inna da Gwaggo, Allah ya ƙara musu lafiya. Ina nan ƙalau a Agadas, sai kewar gida.

Saƙonka ya iso, na ji Baffa ya kawo shawarar a rushe zaure a zuba shagunan bulo. Na san kuɗin haya zai rufa wa Inna asiri, ban raina wannan ba. Amma Yaya, ina roƙonka a dakata.

Kakan Baba ne ya gina zauren nan da kuɗin rini, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ka tuna yadda Kaka take ba mu labari: da tubali aka tashe shi, aka yi masa ɗaurin guga da azarar giginya, rufin kuma aka shafe shi da laso, katsin da ake kwasowa daga karofinmu a kwaɓa da dafara da gashin akuya. Ɗakin nan na hannun dama, inda ake jibge buhunan shinkafa yanzu, nan ne mabugarmu. A nan ake buga turkudi har ya yi sheƙi, Buzaye su sauka da raƙuma a ƙofar gida, su kwana a zauren, su yi ciniki su juya arewa. A kan dakalinsa aka ɗaura auren Baba, a kansa kuma muka karɓi gaisuwar rasuwarsa.

Sai da na zo nan na ga inda kayan kakanninmu suke ƙarewa. Wani dattijon Buzu da ya ji daga Kura nake, sai ya kama bakin rawaninsa ya nuna mini, shuɗin baba duk ya zauna masa a goshi da yatsu. Har yau sunan da suke kiran irin wannan rawanin da shi shi ne "ɗan Kura". Wallahi sai da idona ya cika.

Rinin ya bar gidanmu a hankali. Yadin kanti ya yi araha, aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo ta Kadawa, kowa ya koma shinkafa da tumatir. An cike ramukan karofin. Zauren kaɗai ya rage.

Baffa ya ce ginin ƙasa ya gama yayi. To hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Yaɓe ne yake riƙe da ita. Na san daminar Kura ta fi ta nan ƙarfi, shi ya sa namu yake son kulawa kowace shekara. Tsagewar da ka gani a bangon gabas, indararo ne ya karye ruwa yake bin jikin gini. Kada a shafa masa siminti, danshi zai taru a ciki ya ɓanɓare da ƙasar gaba ɗaya. A nemo tsohon magini a sake yaɓe kafin ruwa ya sauka.

Shagunan kuwa a yi su ta gefen garken awaki, wajen ma yana kallon hanya. Kuɗin yaɓe da sabon indararo na ɗauka, zan aiko bayan salla in Allah ya yarda. Ka karanta wa Baffa wannan takarda a gaban Inna, ka kuma sanar da ni abin da suka ce.

Wassalam,
Ƙaninka